4Runner 'yar 2007 a hanyar Gumel da Maigatari: abin da ta yi mini da abin da take ci

Ranar da na yanke shawarar sayen babbar mota, ina zaune ne a kan yashi a gefen ƙaramar motata, tsakanin wasu ƙauyuka biyu a arewacin Gumel, rana tana shirin faɗuwa. A kakar 2020 ne. Kuɗin manoma na cikin jaka a ƙarƙashin kujera, mutane suna jirana da riɗinsu tun azahar, tayoyin gaba kuwa sun nutse har cikin motar ya zauna a ƙasa. Mun tona, mun shimfiɗa karan dawa, mun tura har muka gaji, ko motsi ba ta yi ba. Sai bayan isha'i wani bawan Allah ya kwanto shanun amalankensa ya fizgo mu. Da muka isa da safe, wani mai sayen ya riga ya auna kayan ya loda. Ban ga laifin manoman ba. Mutum yana da buƙata, ga kuɗi a gabansa, ba zai zauna jiran wanda bai zo ba.

Sana'ata ke nan, sayen riɗi da zoɓo. A Kano nake zaune, a Dawanau nake sauke kaya, amma daga watan Oktoba zuwa Fabrairu rabin kwanakina a ƙauyukan Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar da Maigatari nake yin su. Kwalta tana kai mutum manyan garuruwa. Daga nan sai burji, daga burji sai sawun amalanke a cikin jigawa. Da damina kuma ina shiga don raba wa manoman da muke hulɗa da su iri da taki, lokacin da fadamu suka cika, hanyar da ka bi jiya ta zama tafki yau. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san ma'aunin da nake auna mota da shi. Wanda aikinsa daga gida zuwa ofis ne a cikin gari, lissafinsa daban ne da nawa.

Wata uku na yi ina neman mota a farkon 2021, ni da bakanikena, wani dattijo da ya fi shekara talatin yana kwance injin Toyota yana ɗaurawa. Abin da zuciyata ta fara so shi ne Hilux, kamar kowa. Yayana yana da ita, mai ƙofa huɗu, mai injin fetur lita 2.7, na kuma san irin wahalar da take sha ba ta gaza. Amma kuɗin da aka riƙa faɗa mini a kan mai kyau ya kusa ninka abin da ke hannuna, kuma da yawa daga cikin masu araha tsofaffin motocin kamfanoni ne da direbobi goma suka yi ta gurza, aka yi musu sabon fenti. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: farar Hilux tana jan ido. A ƙauye ana ɗaukar ka ɗan gwamnati ko ma'aikacin wata ƙungiya, farashi ya tashi tun kafin ka yi sallama, ɓarayin mota ma ita suka fi bi domin tana da kasuwa a ko'ina. Ga wanda ke yawo da kuɗin jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai shan gas fa? Na daɗe a kanta. Injin D-4D yana da ƙarfin ja, shansa kuma kaɗan ne, sai dai nozul ɗinsa ba ya jure gurɓataccen gas, kuma ni a inda nake shiga sau da yawa daga jarka ake zuba mini mai. Tsohon injin 5L ba shi da wannan laulayin, amma a kan kwalta tafiyarsa a hankali take. Bakanikena ya ce, "Alhaji, in gas ne sai dai a ce irin ta mutanen Nijar." Yana nufin Land Cruiser akori-kura mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, irin waɗanda mutanen Damagaram da Agadas ke keta rairayi da su. Wannan ita ce uwar motocin daji, babu musu, amma kuɗinta na gida ne. Daga baya na gode wa Allah da ban sayi mai gas ba, domin a 2022 litar gas ta tashi daga ɗari uku da wani abu ta haura naira 700 cikin 'yan watanni, alhali fetur na nan a ƙasa da 200.

Pajero na gani guda biyu, masu daɗin zama, farashi kuma da sauƙi. Abin da ya hana ni shi ne tambaya ɗaya da dattijon ya yi mini: in wani abu ya karye a Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, wa zai samo maka shi kafin Asabar? Pathfinder da Xterra na shekarun 2005 zuwa 2010 ma sun fi kowa araha, amma sananne ne cewa a wasunsu lagireto kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya, giyabos ya tafi. Ana iya magance hakan tun kafin ya faru, amma ban so in fara da motar da sai na yi mata rigakafi. Prado kuwa, ita ce ainihin abin da ya dace da ni, in ban da tsada.

A nan ne dattijon ya kawo maganar 4Runner, wata jif ta kamfanin Toyota. Ya ce wadda aka yi daga 2003 zuwa 2009 'yar uwar Prado ce ta wannan zamanin, shasinsu iri ɗaya, kuma injin V6 mai lita 4.0, wanda ake kira 1GR, shi ne a cikin Prado babba, da FJ Cruiser, da Tacoma. Ma'ana duk abin da ya lalace a inji ko a ƙafa, in ka shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran motoci ta Kano, za ka same shi a rumfa fiye da ɗaya, ka yi ciniki. Kuma injin da kaca yake aiki, ba da bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. Na tambaye shi to me ya sa ta fi Prado araha haka? Ya ce, "Suna ne, Alhaji, da kuma mai. Kowa ya san tana sha."

Ta farko da dillali ya kai mu gani baƙa ce, tana sheƙi, kujerun fata. Na riga na fara lissafin la'ada a raina. Dattijon bai ko buɗe ƙofa ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya fito yana karkaɗe riga ya ce mu tafi. Ba ta da ogzileri kwata-kwata, wato abin da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Tayoyin baya kawai ke ja. Wannan shi ne babban tarkon da ke cikin 4Runner, kuma ina roƙon duk mai niyyar saye ya riƙe shi: a Amurka ana sayar da ita iri biyu, mai jan taya huɗu da mai jan taya biyu, a waje kuma kamanninsu ɗaya, tsayinsu kusan ɗaya. Masu shigo da motoci suna son mai taya biyun domin ta fi araha a can. In ka leƙa ƙasa ba ka ga aksul a gaba da sandunan da ke shiga tayoyin gaba ba, to ba ita ba ce. A ciki kuma, kusa da sitiyari, dole ka ga maɓallin murɗawa mai H2 (jan taya biyu) da H4 (jan taya huɗu) da L4 (jan taya huɗu a ƙaramar giya mai ƙarfi). Lambar shasi ma tana faɗa: tawa ta fara da JTEBU, ita kuwa waccan baƙar JTEZU ce. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma a cikin yashi shi ne bambancin isa da kwana a hanya.

Ta biyu tana da ogzileri, amma tsatsa ta cinye shasinta. Motocin da suka zauna a jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a kan titi, haka suke zuwa. An fesa mata baƙin fenti a ƙasa, dattijon ya ƙwanƙwasa da sukundireba kusa da tayar baya, ɓawon ƙarfe ya zubo kamar garwashi. Inji ana canzawa, giyabos ana canzawa, amma shasin da ya ruɓe sai dai a yi ta walda har ranar da zai ba da kai.

Ta uku ita na saya, ruwan toka, 'yar 2007, mai giya biyar mai canza kanta, kujerun yadi. Naira miliyan 5 da dubu 800 na biya, takardun kwastan cikakku, ta tashar jiragen ruwa ta Legas ta shigo. Na dage a kan takardun ne domin tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ni kuma hanyata ta bakin iyaka ce, shingen kwastan ba ya ƙirguwa. Agogonta ya nuna mil dubu 118. Da ɗana ya sa lambar shasin a intanet, sai ga hotunanta a wurin gwanjo a can Amurka, agogon yana nuna mil dubu 171. An mayar da shi baya a wani wuri tsakanin can da nan. Raina ya ɓaci, na so in fasa. Dattijon ya ce ba agogo za mu tuƙa ba, mu saurari injin. Ya tayar da ita da sanyin safiya, ya buɗe murfin baƙin mai ya haska ciki, ya duba ruwan lagireto ko da kumfa, ya shinshina salansa, muka hau titi ya sa na taka ta sosai, ya sa na murɗa ogzileri sau uku yana sauraron shigarsa. Ya ce a saya, amma a rage kuɗi. Hotunan nan su suka sa aka sauko mini da dubu 400.

Abu biyu muka gano bayan ta zo gida. An cire mata abin nan da ke cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, an kuma cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji. Na farkon sata ce tsagwaronta, domin ana sayar da shi da tsada. Na biyun kuwa wata al'ada ce da ta zauna a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi, mota ba ta buƙatarsa. Injin da babu tamostat yana daɗewa bai kai zafin da aka tsara masa ba, musamman da hunturu, kwamfutar motar kuma ta yi ta ƙara masa mai tana ɗauka bai gama ɗumi ba. Da muka mayar da shi, na ga bambanci a shan mai tun tankin farko.

Yanzu ga abin da ta yi mini.

A cikin yashi ban taɓa tuƙa abin da ya kwantar mini da hankali kamarta ba. In na sauka daga kwalta nakan murɗa zuwa H4 tana cikin tafiya, ba sai na tsaya ba. In na hango jigawa mai zurfi sai in tsaya, in rage iskar tayoyi daga 32 zuwa wajen 20, in danna maɓallin da ke kulle tsakiya. Wannan maɓallin yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suka sani. In ba ka danna shi ba, na'urar da ke hana mota zamewa takan ji tayoyi suna juyawa a banza, ta rage maka totur daidai lokacin da kake buƙatarsa, sai ka ji motar ta mutu a hannunka a tsakiyar yashi. Sau ɗaya hakan ta same ni a makon farko, kafin in fahimta. In ka kulle tsakiya na'urar takan janye, ƙarfin injin ya zama naka. L4 kuwa sai an tsaya cak an sa giya a N kafin a murɗa, kuma a shekara huɗu ban buƙace shi fiye da sau goma ba, galibi don jawo wasu. Wurin nan da na kwana a 2020 na bi ta kansa ya fi sau talatin. Ina ajiye ƙaramin famfon iska mai aiki da batir a bayan kujera, domin hawa kwalta da taya mai iska 20 a zafin bazara neman fashewa ne.

A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, na shiga da taki wani ƙauye, kafin in fito ruwa ya yanke hanyar da na shigo. Wani yaro ya shiga gabana da sanda yana auna zurfi, ruwan ya kai masa gwiwa, a wani wurin ya ɗan haura. Na bi sawunsa a hankali ba tare da ɗaga ƙafa ba, muka haye. Ba na ba kowa shawarar ya yi haka da ganganci. Tsayin cikinta daga ƙasa wajen inci 9 ne, ba jirgin ruwa ba ce, in ruwa ya shiga hancin iskar inji kuwa magana ta ƙare. Da na dawo Kano washegari dattijon ya juye man aksul na gaba da na baya, na bayan ya fito fari-fari kamar an dama kunu. Da na bar shi wata guda, da haƙoran ciki sun tafi.

Shekara huɗu da ɗoriya ke nan, na ɗora mata sama da kilomita dubu 70, ba a taɓa buɗe injinta ba, ba a taɓa sauke giyabos ba. Sau ɗaya tak ta tsaya mini a hanya, tsakanin Gujungu da Ringim, kuma dattin man da na saya a jarka ne ya kashe famfon mai. Na kira Ƙofar Ruwa da la'asar, aka ba direban motar haya famfon, kafin isha'i wani bakanike a gefen titi ya sauke tanki ya ɗaura. A gidana na kwana. Wannan shi ne amfanin motar da kayanta ke ko'ina.

Sai abin da take ci, wanda shi ne dalilin wannan rubutu.

Ina rubuta kowace lita a wani ɗan littafi da ke cikin aljihun ƙofa. A kan kwalta, in na riƙe ta a gudun 90 zuwa 100, lita ɗaya tana kai ni kilomita 8. A cikin Kano, da cunkoso da na'urar sanyi a kunne, 5 ne zuwa 5 da rabi. A yashi da ogzileri wani lokaci ko 4 ba ta kaiwa. In na haɗa duka, matsakaicina kilomita 6 da rabi ne. Tankinta lita 87 yake ci. Lokacin da na saye ta ana sayar da lita naira 165, wato da dubu 14 da 'yan kai nake cika shi. Fita ɗaya daga Kano, ta Gezawa da Ringim da Gujungu zuwa Gumel, in zaga ƙauyuka in dawo, agogona kan nuna wajen kilomita 380, lita 58 ke nan, ƙasa da naira dubu 10. Ko a jikina.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Cikin kwana biyu lita ta haura naira 500, a watan Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Fitar da nake yi da dubu 10 ta koma dubu 58. Cika tanki ya koma dubu 87. A wannan shekarar ta 2023 kuma aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ɓangarenmu ba sai Maris na 2024, kasuwar Maigatari ta yi sanyi. Kuɗin shiga ya ragu, na fita ya ninka sau da yawa. A watannin nan na sha tsayawa a gidan mai ina kallon lambobi suna gudu, ina tambayar kaina ko na yi kuskure.

Sai na zauna da yayana muka buɗe littattafanmu. Hilux ɗinsa, a irin hanyoyinmu, tana ba shi kilomita 8 da rabi a lita. In kowannenmu ya yi kilomita dubu 20 a shekara, ni zan sha wajen lita 3,080, shi kuma wajen 2,350. Tazarar lita 730 ce. A tsohon farashi naira dubu 120 ke nan a shekara, kuma tunda na rage kusan miliyan 5 wajen saye, sai na shekara arba'in kafin man ya cinye wannan rangwamen. A farashin naira 1,000 kuwa tazarar ta zama dubu 730, shekara bakwai ta ishe shi. Ga kuma abin da dole in yarda da shi: in muka kai su kasuwa yau, tasa za ta tafi cikin mako guda da daraja, tawa sai an sha ciniki, kowane mai saye da maganar mai zai fara. Don haka wanda zai saya yanzu, ba a 2021 ba, kuma yana da kuɗin Hilux mai lafiya, yana kuma yin doguwar tafiya kullum, ni da kaina zan ce masa ya sayi Hilux ɗin. Musamman in kaya zai ɗauka. Bayan 4Runner a kan sifirin mai naɗi yake, an yi shi don daɗin zama. Na taɓa loda mata buhun riɗi shida saboda motar kaya ta ƙi zuwa, bayan ya zauna, shok biyu suka fara yoyo. Laifina ne, ba aikinta ba ne.

Kuɗin gyara bai tayar mini da hankali kamar mai ba, amma shi ma yana da nauyinsa, kuma duk a ƙafa yake. Burji mai ƙunya-ƙunya yana cin bushin da boljoyin da tayarod. Sau biyu na yi mata gyaran ƙafar gaba gaba ɗaya. Birkin gaba ya taɓa riƙewa bayan damina saboda laka da tsatsa, aka kwance aka wanke aka canza robobi. Famfon ruwa ya fara zuba a shekara ta uku, muka canza tun bai kai ga zafi ba. Kwayil ɗaya cikin shida ya mutu. Juye kuwa duk kilomita dubu 5 nake yi saboda ƙura, tana cin lita biyar da ɗan ɗori, matatar iska kuma duk dawowa daga daji sai an kaɗe ta. Darasin da ya fi tsada shi ne na boljoyin: na sayi sabo a kwali mai kyau da araha, wata huɗu ya fara ƙara. Tun daga nan, in ban samu na asali sabo ba, gara in sayi na asali Beljiyam, dattijon ya zaɓa da hannunsa. Haka man giya. Giyabos ɗinta ba shi da sandar awo, kuma mai na musamman yake sha da ake kira WS. Duk bakaniken da ya ce a zuba jan man da ake zuba wa kowace mota, a ɗauke ta daga garejinsa.

Tayoyi su ne abin da masu sha'awar jif ba sa lissafawa. Lambar tata 265/65 ce a kan rim 17, kuma kuɗin guda ɗaya sabuwa ya kai na ƙaramar mota biyu ko fiye. Na gwada na hannu sau ɗaya, ɗaya ta kumbura a gefe kafin wata biyu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, a duba su kafin a biya. Tayar ajiya kuma a ƙarƙashin baya take rataye, da sanda ake sauke ta. In mota ta zauna a yashi ko laka ba ta saukuwa, don haka da kaka nakan ciro ta in kwantar a cikin but.

Akwai wani abu da dattijon ya hore ni da shi tun ranar farko, na kuma ga gaskiyarsa a motar wani abokina. Ogzilerin 4Runner da lantarki yake shiga, ba da sanda ba. In aka bar shi watanni ba a taɓa ba yakan sandare, ranar da ake buƙatarsa fitila ta yi ta ƙiftawa bai shiga ba, gyaransa kuma sai an taɓa akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Don haka ko a watannin da ba na zuwa daji, duk ranar Juma'a ta farkon wata nakan fita bayan gari in sa H4, in kulle tsakiya, in sa L4, in ɗan zaga in dawo.

Wasu sun ba ni shawarar in mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda ana ta maganar CNG. Ga mai yawo a cikin birni wataƙila da riba. Ni inda man ke ƙare mini babu wurin ɗura iskar, tukunyar kuma za ta cinye rabin but ɗin da nake sa ma'auni da buhunan wofi.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne na raba aiki. Na sayi tsohuwar ƙaramar mota mai silinda huɗu don zirga-zirgar cikin gari, kai yara makaranta, zuwa Dawanau, zuwa ɗaurin aure. 4Runner ba ta fita sai in hanyar za ta ƙare a yashi ko a ruwa. Tafiyarta ta sauko daga kilomita dubu 20 a shekara zuwa wajen dubu 11. Na kuma daina fita don ƙauye ɗaya. Nakan haɗa uku ko huɗu a zagaye guda, in kwana a Gumel, wani lokaci mu haɗa kuɗin mai da abokan sana'a biyu su shiga baya. Da na raba kuɗin man kakar bara a kan yawan buhunan da na saya, abin da ya hau kan kowane buhu bai kai ribar da nake samu don na riga wasu isa gona ba. Kayan da suka kuɓuce mini a dare ɗaya a 2020, ribarsu ta fi kuɗin man fita goma a lokacin.

Wani matashi da muke masallaci ɗaya ya same ni kwanaki, ya ce, "Baba, ina son irin motar nan taka, an ce ba ta lalacewa." Na tambaye shi sau nawa tayarsa ke sauka daga kwalta a shekara. Ya yi tunani ya ce in za shi garinsu da salla, kuma ko can ɗin an yi titi. Na ɗauko ɗan littafin nan daga aljihun ƙofa na ba shi ya karanta shafin watan Nuwamban 2024, fita bakwai, lita 402. Ya daɗe yana kallo, ya mayar mini, ya ce zai sake shawara.

Dillalin da ya sayar mini da ita ya kira ni bayan ƙaramar salla, wai yana da mai so, zai ba da ninkin abin da na biya da ɗori. Na ce masa ba yanzu ba. Da wannan kuɗin ba zan samu Hilux mai lafiyar da zan amince mata da kuɗin mutane ba, ita kuwa wannan na san kowace ƙara da ke jikinta. Agogonta na gaskiya ya haura mil dubu 215. Kafin riɗi ya fara shigowa a Oktoba akwai tayoyin baya biyu da zan canza, dattijon kuma ya ce mu sauke lagireto a wanke, mu duba robobin sandunan gaba, domin ya ga ɗaya ta fara tsagewa.